Fuskar Mai Yasar Rijiya

Tunda kin ce yaranki ba sa ajiye littattafan jaruman nan ko a kan tabarmar cin abinci, zauna in ba ki wani misali, ki riƙe.

An yi wani mai zane a wata unguwa, Allah Ya yi wa hannunsa baiwa. Labarin jarumai yake zanawa hoto bayan hoto, ya kai a buga, yara su saya a bakin makaranta. Jaruminsa dogo ne mai faɗin ƙirji da koriyar alkyabba, yana tashi sama kamar shirwa. Mugun da za su kara ne ya rasa fuskar da zai ba shi. To, a bayan layinsu akwai wani dattijo mai yasar rijiya, wanda gefen rijiya ya taɓa rufto masa tun yana saurayi, ya bar shi da karkataccen baki da ido ɗaya a shanye. Wata rana a majalisa dattijon ya leƙa takardar, ya ce, "Malam, da gemunka kake zanen 'yan tsana?" Aka yi dariya aka watse. Kowa ya manta, ban da mai zane. Da ya koma gida sai ya zana mugunsa da bakin nan da idon nan, ya ƙara masa farata, ya sa masa suna Kububuwa, mai kwana ƙarƙashin ƙasa yana zuba wa rijiyoyi dafi. Ya ce wa zuciyarsa, ai ban kama sunan kowa ba. Amma yara ba sa bukatar suna. Littafin na fita suka gane shi, suka dinga bin sa da waƙa da jifa. In ya yashe rijiya sai su ƙi shan ruwan, har iyaye suka gaji da lallashi suka koma kiran wani daga nesa. Mai zane yana gani, yana kawar da kai, don littafi na tafiya. 'Yarsa ƙarama ma a cinyarsa take zama yana karanta mata, yana kumbura murya in an zo wurin Kububuwa, ita kuwa ta cusa kai a rigarsa.

Ran nan da hantsi aka bar rijiyar gidansa a buɗe, yarinyar ta leƙa tana bin guga da kallo, ta zurma. Mai zane ya rugo ya duba, ya hango ta can ƙasa, ruwa iya wuya, ta damƙe igiyar guga da hannu biyu. Shi da ya sha aika jaruminsa cikin ramuka da wuta a kan takarda, sai ga shi tsoro ya hana shi sauka. Matarsa ce ta fita ko mayafi babu, ta kirawo dattijon. Bai tambayi gidan wane ne ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa maƙwabta bakinta, ya yi bismillah ya sauka. Yana isa ya miƙa wa yarinyar hannu, hasken sama ya faɗi a fuskarsa. Yarinya ta ƙwalla ƙara, "Baba! Kububuwa!" Ta saki igiyar da ke riƙe da ranta, ta nutse. Rijiya ta ɗauko muryar nan ta kawo wa uban har kunne, ya ji irin muryar tsoron da shi da kansa ya koya mata. Dattijo ya yi nutso ya lalubo ta, tana shure-shure, ta gartsa masa cizo a hannu, bai saki ba har aka jawo su.

Aka kwantar da ita ta amayar da ruwa, numfashi ya dawo, mata suna ta hamdala. Mai zane ya ɗaga ido yana neman dattijon, sai ya gan shi tsugune can gefe, ya juya fuskarsa ga bango, yana naɗe hannun da ke zubar jini da gefen rigarsa. Bai juyo ba ya ce, "Ku shige da ita ɗaki kafin ta buɗe ido, kada ta sake ganina ta tsorata. A kuma sa wa rijiyar murfi." Da zagi ya yi, da ya fi wa mai zane sauƙi. Maƙwabtan da suka ja igiyar duk sun san littafin, duk sun san fuskar wa ke ciki. Mai zane ya tsaya kai a sunkuye, tawada a yatsunsa, har dattijo ya naɗe igiyarsa ya saɓa a kafaɗa ya fita. A bakin ƙofa wani yaro da bai san abin da ya faru ba ya hango shi, ya fara waƙar Kububuwa. Mai zane ya ji ta tun daga tsakar gida, kuma ya san ba zai iya bin ta gida-gida ya karɓo ba.

Allah Ya tsare mu da ƙaramar ƙullata. Shi ya sa magabata suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don ba ka san wanda zai faɗa ba.