Jan Ɗigon Bindigar Sixten

Torvald ya zare ɗan batirin daga madubin bindigar ƙanensa Sixten, ya wurga shi cikin fadama. Sixten na can bayan mota yana zuba musu kofi, bai ga komai ba.

Tun da Sixten ya sayo madubin nan mai jan ɗigo da ke haske a tsakiyar saiti, mafarautan ƙauyen ba su da hira sai tasa. Shi kuwa Torvald, da ya koya masa riƙon bindiga, kaka uku ke nan ko barewa ɗaya bai kayar ba. Kullum in rana ta yi ƙasa, sai baƙin zaren saitin da ke cikin madubin bindigarsa ya ɓace masa cikin duhun itatuwa.

"Wasan yara," in ji shi, yana karɓar kofin. "Maharbin gaske ba ya farauta da fitila."

Sixten ya yi murmushi kawai.

Rana na gab da faɗuwa wani ƙaton namijin barewa ya fito bakin fadamar, ƙahoninsa kamar rassan itace. Torvald ya gyara zama. Yau zai ga ƙarshen cika-baki.

Sai ya ji an ɗora masa bindigar a hannu.

"Yaya, naka ne," Sixten ya raɗa masa. "Ni idona ƙalau. Don kai na sayo madubin, na san in na ba ka a gida ba za ka karɓa ba. Murɗa nan, ɗigon zai kama."

Torvald ya murɗa. Ya sake murɗawa.