Mai Kiwon Karfasa da Uban Maza

Kai da ka ce ka gwada sau uku ka gaji, zauna ka ji misalin wata mata da ta gaji tafkin kiwon karfasa daga mahaifinta. Duk shekara tafkin nan cike yake da kifi, amma in an ja taru sai a fito da 'yan mitsi-mitsi, ba wanda ya kai tafin hannu. Maza da mata ne a cakuɗe, suna ta haihuwa, abinci bai ishi kowa ba. Yayanta ya ce ya ba ta shekara guda, in abin bai gyaru ba a cike tafkin a shuka albasa. Ta hau mota ta tafi wata cibiyar binciken kifi, ta faɗa wa wata malama damuwarta. Malamar ta ce namijin karfasa ya fi saurin girma, kuma daga iri na uba ne ɗa ke fitowa namiji ko mace. Yawancin maza iri biyu suke ɗauke da shi, rabi na maza rabi na mata, amma akan sami wanda irinsa duk na maza ne. Ta ba ta maza tara a jarka, ta ce, "Akwai shi a cikinsu, hajiya, sai dai ido ba ya gane shi. 'Ya'yansa ne kaɗai za su nuna miki."

Matar ta dawo ta ɗinke gidajen sauro tara, ta kafa su a ruwa da turaku, kowane namiji da matansa. Ta jira wata uku 'ya'yan suka tasa, sannan ta shiga ruwa har ƙugu, tana kama su ɗaya-ɗaya, tana juya cikinsu tana dubawa. Gidan sauro na farko maza da mata ne a cakuɗe, na biyu ma haka. Zalɓe ya huda na uku, ya cinye uban. Na huɗu ya yage, 'ya'yan suka watse, dole ta sake shi tun daga fari. Ƙayar kifin ta farfasa mata yatsu har tuwo ya gagare ta ci da hannu, maƙwabta na cewa ta zama ungozomar kifi. Ita dai ta ɗaure yatsun da tsumma ta koma ruwa. A gidan sauro na bakwai ta juya ɗa na farko, namiji. Na goma, namiji. Ta juya ɗari biyu har rana ta karkata, ba mace ko ɗaya. Sai ta fito ta zauna a bakin ruwa, ta yi hamdala. Ta yashe tafkin ta zuba 'ya'yan uban nan kaɗai, kuma da aka ja taru a wannan karon, sai da ƙarti shida suka kama mata.

Da ta tsaya a na shida, da yanzu albasa ce a wurin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.