Layin Madina

"Ba ni layin waya mai kyau!" Alhaji Zailani ya ce wa mai shago a Madina, yana ɗaga wayarsa don mu alhazan Kiyawa mu gani.

Ya baro matarsa Safara'u da tsohon ciki. Yana zura layin ya dube mu a yatsine. "Ku sai kun koma za ku ji labarin gida. Ni yanzu zan ji ko ta sauka."

Ya gyara murya, ya kai yatsa, sai ya tsaya.

"Alhaji, kira mana," na ce.

Ya sauke yatsan, ya ƙura wa wayar ido.

Duk ƙauyenmu waya ɗaya ce, tasa. Kafin mu taso Safara'u ta roƙe shi ya bar mata ita, ya ari wata a nan ya kira, ya ce mace ba ta riƙe waya.

Ga ta nan a hannunsa, da sabon layi.