Manomin da Ya Saba da Rijiyarsa

Kafin ku rubuta ko layi ɗaya na manhajarku ta farko, ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Kowace waya tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. Ita ke raba batir da ma'ajiya da lokaci tsakanin ƙananan manhajoji irin wadda za ku gina, kuma tana iya dakatar da taku ba sallama. Na ga wasunku na murmushi, wai ai sun iya aiki da kwamfuta. To, ga misali.

An yi wani manomin albasa, gwani ne na gaske, ba na cika baki ba. A garinsu yana da rijiya tasa ta kansa, ya ja ruwa sa'ad da ya ga dama, ya bari sa'ad da ya gaji. Da rijiyar ta ƙafe, sai ya yi ƙaura zuwa wata fadama inda manoma arba'in ke shan magudana ɗaya. Ba abin da ya kawo mai daraja sai irin albasa cikin ƙullin tsumma, wanda mahaifinsa ya shekara talatin yana zaɓa kafin ya rasu. Iyakarsa ke nan, babu wani a ko'ina. A fadamar akwai dattijo mai rabon ruwa, shi ke buɗe wa kowa ya kuma toshe, kwana biyar-biyar. Ya ga baƙon ya ja doguwar hanyar ruwa guda tun daga bakin gona har ƙarshenta, ya bar bakin kowane fangali, wato kwamin shuka, a buɗe, irin mahaifin nasa kuwa ya zuba shi can ƙurya inda ƙasa ta fi kyau. Dattijo ya ce masa, "Malam, bari wannan. Nan ruwa ba ya jiran mutum. Fara kai shi inda ka fi ji da shi, ka liƙe bakin da laka, sannan ka wuce gaba." Manomi ya yi godiya da baki, a ransa kuwa cewa ya yi, yau ni za a koya wa ban ruwa?

Zuwan farko aka yi sa'a, ruwa ya wadata har ya kai ƙurya. Iri ya tsiro kore shar, gwani ya ƙara sakankancewa. Zuwa na biyu, ruwa na tsakiyar gona sai magudana ta ɓalle can sama, dattijo ya toshe wa kowa nan take. Maƙwabta ba su yi asarar komai ba, abin da suka liƙe ya zauna. Nasa kuwa ya sulale baya, ƙasa ta shanye. Ya bi dattijo yana roƙo. Dattijo ya tausaya masa ƙwarai, amma mutum talatin da tara na bayansa, bai buɗe ba. Manomi ya shiga jido da bokiti daga wani kududdufi mai nisa, ina! Rana ta riga shi. Ran da layi ya sake zagayowa kansa, ya kai ruwan ƙurya da fari, ya liƙe baki da laka yadda aka ce masa tun farko. Ruwa ya kwanta luf a kan busassun tsirrai. Ya durƙusa a gefen fangalin ya yi kuka, ba don albasa ba, don ya san aikin mahaifinsa na shekara talatin ya ƙare a hannunsa.

Haka waya take. Manhajarka baƙuwa ce a gonar da ba tata ba. Kira zai shigo, batir zai yi ƙasa, babbar manhaja ta rufe taka, alhali wata baiwar Allah ta kai rabin cike takardar neman aiki a ciki. In ba ka adana mata abin da ta rubuta tun da wuri ba, ya tafi, kuma ba ta san wata babbar manhaja ba, kai za ta zarga. Saboda haka ku fara sanin dokokin mai rabo kafin ku nuna gwaninta. Na dai faɗa muku, kuma Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.