Muryar Sarauniyar Taurari

Ranar da Ghali ya kira surukarsa a waya ya ce mata "Hajiya, ya ne?", matarsa Bilƙisu sakin ludayi ta yi a cikin miya.

Shekararsu bakwai da aure, huɗu a Riyadh, ba ta taɓa ganin ya gaida mahaifiyarta a tsaye ba. Ko a waya durƙusawa yake yi: Hajiya Kaltume tana can Zariya ba ta ganinsa, shi yana nan gwiwa a kan tayil. Yau ga shi a kishingiɗe, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kafin Hajiya ta gama salati ya kashe wayar.

Bilƙisu nas ce, ta san yadda aiki ke taɓa kan mutum, sai ta ɗora laifin a kan sutudiyo. Ghali mai haɗa sauti ne a wani ƙaramin kamfani a unguwar Olaya. An ba su wani tsohon katun na Japan su ɗora masa muryoyin Turanci, fim ɗin kumbo da mutum-mutumi da Larabawa masu furfura suka kalla tun suna yara. Matuƙin kumbo da sojojinsa duk sun koma Turanci, saura Sarauniyar Taurari. Ita da yaren wata duniya take magana, ana rubuta fassara a ƙasan allo. Mata tara aka gwada, mudir, wato shugaban kamfanin, ya ce babu wadda ta ba shi tsoro, ya kuma tuna wa Ghali cewa iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, saura wata biyu ta ƙare.

To amma gajiya ba ta sa mutum ya tafi har kasuwar Batha ya zaɓo busasshen dabino, irin wanda ake fasa haƙori da shi, ya aika wa suruka a matsayin tsaraba. Ghali ya yi. Dambun naman da Hajiya ta aiko masa kuma ya ce a gaya mata ya yi gishiri. Da ƙanwar Hajiya ta aurar da 'ya, saƙonsa na taya murna bai wuce hoton babban yatsa ba.

Hajiya ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, ya bar wayar tana rawa a kan tebur. Dole ta koma saƙon murya, minti bakwai, minti goma sha ɗaya, duk ta wayar 'yarta. Shi kuwa da ya dawo gida sai ya tambaya ko Hajiya ta yi magana, a tura masa ya ji laifinsa. Ya sa abin kunne, ya lumshe ido, yana gyaɗa kai. Bilƙisu ta ɗauka nadama ce, har ranar da ya cire abin kunnen ya ce don Allah a roƙi Hajiya ta riƙa shiga ɗaki in za ta yi faɗa, zakaran gidan ya cika surutu.

A ranar Bilƙisu ta yi kuka. Tana son mijinta, tana tsoron uwarta, kuma Hajiya ta rantse cewa daga Umra Riyadh za ta wuce ta ɗauki 'yarta da jikarta Muhibba su koma Zariya.

A wurin aiki kuwa abubuwa sun yi kyau. An samu Sarauniya. Mudir ya saurari muryar sau ɗaya ya ce "Khalas", wato shi ke nan, ya sumbaci Ghali a ka, ya sa aka sabunta iƙama. Da ya nemi ganin 'yar wasan, Ghali ya ce babbar mace ce, ba ta son a ambaci sunanta.

Washegari ladabi ya dawo kamar an kunna fitila. Ghali ya durƙusa a waya, ya sayi dabinon Madina mai laushi, ya tarbi Hajiya a filin jirgi kai a sunkuye. Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ta ce kwana uku ta ba 'yarta ta haɗa kaya.

Daren farko da za a nuna fim ɗin ya faɗo a kwana na biyu. Ghali ya ce katun ne na yara, akwai kiɗa, ga sanyin na'ura, bai dace da babba ba. Hajiya ta ce tun da shi ya ce kada ta je, a miƙo mata mayafinta.

Sinima ta cika. Ghali ya zauna a ƙarshen layi yana gumi, duk da sanyin. Sojojin kumbo suna ta Turanci, Hajiya tana gyangyaɗi. Sai allo ya yi ja, Sarauniya ta miƙe, idonta shida, ta buɗe baki. Murya ta fito mai kauri, a hankali, tana amsa kuwwa. Wani Balarabe a gabansu ya ƙanƙame kujera. A ƙasan allo aka rubuta cewa mutanen Duniya su miƙa wuya ko a ƙone su.

Hajiya ta farka. Ta kasa kunne, ta gyara zama, tana gyaɗa kai. Da Sarauniya ta kai aya, ta taɓa 'yarta, wadda ta daskare a kujera da hannu a baki.

"Bilki, wannan baiwar Allah mummuna ce, amma akwai hankali," in ji ta. "Kin ji ta? Har a Japan an san mijinki ya aiko min da busasshen dabino. Wallahi kamar daga bakina take ɗauka."