Damin Ɗoɗɗoya

Kai da kake cewa shekararka talatin kana aiki, don haka ba mai koya maka komai a sabon wurin da aka kai ka, gyara zama ka ji.

An yi wani manomin gero, gwanin gaske, wanda in ya ɗaure dami sai ƙarti biyu sun kama. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, sai ya bar wa 'ya'ya gona ya dawo zaman gida. Matarsa kuwa farfesun kayan ciki take sayarwa a bakin tasha, kuma ba abin da ya riƙe mata direbobi sai ƙamshin ɗoɗɗoya, wadda take shukawa a tsofaffin kwanuka bayan madafa. Duk sati biyu sai ta barbaɗa iri a wani kwanon, ta ɗan yayyafa ruwa. Da ta yi tsawon yatsa biyu sai ta riƙa tsinke mata kai, ita kuwa ta yi ta fid da rassa. Shi dai yana kallo, ransa na ƙuna. A saninsa, mai cire wa shuka kai in ba mahaukaci ba ne, to ɓarawo ne. Ranar da ta rufe tukunya ta tafi zaman jegon 'yarsu, ta bar masa amanar kwanukan da ƙullin iri, sai ya ce a ransa, yau za a ga noma.

Ina ka fito, gwani! Ya ta da kunya uku a tsakar gida, ya juye irin nan kaf rana ɗaya, ya danne da diddige kamar gero, irin da bai kai ƙwayar riɗi ba. Ko ɗaya bai leƙo ba. Ta cikin kwanuka kuwa ya kafa mata doka: ba mai taɓa kai. Matan maƙwabta da suka saba shigowa su tsinki ɗan na miya, ya kore su da sanda. Ɗoɗɗoya ta samu sake, ta miƙe, ta fid da kai, ta yi farin fure. Bawan Allah har gwangwanaye ya rataya mata don korar tsuntsu, yana zagayawa hannu a baya yana murmushi. Ganye na ƙanƙancewa yana zubewa, ko a jikinsa. Wa ya taɓa damuwa da ganyen gero? Da kai ya bushe ya yanke, ya ɗaure ɗan dami tsaf ya ajiye.

Matar ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi bayan madafa, ta tarar da tsirarun karare a tsaye. Kafin ta rufe salati sai ga maigida ya miƙo mata dami, ƙirji a gaba, ya ce, "Ga amfanin bana." Ta dubi dami, ta dube shi, ta ce, "Malam, a wane rumbun za mu zuba?" Washegari farfesu ya fito da ƙarni. Direbobin da suka yi kwana arba'in suna jiranta suka shinshina, suka tsallaka titi wurin wata. Kwana uku tukunya na dawowa gida kusan yadda ta tafi, kuma ita ce ke ciyar da gidan. A na huɗu, mutumin nan da aka sha yi wa kiɗan noma ya ɗauki ɗan kwano, kunya kamar ƙasa ta tsage, yana bi gida-gida yana roƙon ganye wurin matan da ya kora, waɗanda haushinsa ya sa kowace ta shuka tata. Sun ba shi, amma kowace sai ta sa shi ya tsinke kan da hannunsa.

Ka ga, gwanintarsa ba ƙarya ba ce, gero ne dai ba ya cikin kwanon. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.