Kwalaben Ɗakin Ajiya

"Buɗe ƙofar nan, Baba!"

Tsoho Mai Walda ya zare audugar kunnensa, ya yaye jiƙaƙƙen tsumman da ya rufe ido da shi. Tun da ƙarfe ya faɗo masa a ka, azahar na yi ƙwaƙwalwarsa ke ɗaukewa kamar wutar lantarki. Harshe ya sarƙe, ƙafa ta harɗe. Maganinsa ɗaya ne: duhu da shiru, awa guda a ɗakin ajiya.

Ya buɗe. 'Yarsa ce, mijinta na raɓe a bayanta.

"Ka koma wa giya! An gan ka kana tangaɗi. Jikokinka sun daina tako nan!"

"Ni? Ni da likitoci suka ce a haƙura, na tashi na yi musu waldar ƙofar asibiti? Ke, ni na haife ki fa!"

Ta wuce shi, ta fizge wani buhu. Sai ga kwalabe, wasu rabi, wasu fanko.

"Waɗannan fa?"

Tsoho ya dubi surukinsa, ya jira. Da surukin ya kau da kai, sai Tsoho ya ce:

"Wata takwas ina kwanciya kusa da su, kaina na tsagewa, warinsu na kirana da sunana, ko murfi ban taɓa ba. Don ke na rufa wa mai su asiri. Matso ki shinshina bakina. In kin gama, ki shinshina na wanda ya kai miki gulmar."

Ta juya. Mijin har ya kai bakin titi.